Tukuicin 'yar aike

Hutun da na koma Matameye daga Damagaram, na tarar ana ta ka-ce-na-ce a gida kan ɗiyar yayata. Shekararta tara, amma saboda ƙiba in za ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. In an tashi karatu, daga lakwal zuwa gida sau biyu take hutawa, gwiwoyi na ciwo. Likita ya ce in jikin bai ragu ba, ƙafafun nan za su gaza mata, ga ciwon suga yana leƙe. Hajiya, kakarta kenan, ta ce likitan ne dai ba a ƙosar da shi ba a gidansu.

Ni kuwa 'yar birni, waya cike da bidiyon motsa jiki, na ce a bar mini. Gudu kowace safiya, ni da ita. Hajiya ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ɗiya mace tana gudu a titi, ba kare ba gobara? Ki bari sai bayan raina."

Sai na sake dabara: aike. Duk abin da za a kai wa dangi, ita za ta kai, da ƙafa, ba kabu-kabu. Fura gidan Gwaggo a bayan kasuwa, tuwo gidan Inna can ta hanyar Kurni. Yarinya ta karɓa da murna har abin ya ba ni mamaki. Tun ba a kira ta ba ta saka takalmi. Na shiga faɗa wa ƙawayena yadda ake tarbiyyar zamani.

Abin da birni ya mantar da ni shi ne tukuici. Wa zai sallami ɗan aike hannu rabbana? Gwaggo fanke, Inna ƙosai da ƙuli-ƙuli, maƙwabciyar Inna ma da ba a aika mata komai ba sai ta miƙo alkaki. Da wata ya cika muka koma wurin likita, ya duba ma'auni, ya dube ni, ya tambaya wane irin motsa jiki ne wannan.

Na kira Gwaggo na roƙe ta ta daina.

"Wato jikata ta shigo gidana ta fita baki a bushe? Haka aka koya miki a Damagaram ɗin?"

Ta kashe wayar. Inna ko ɗauka ba ta yi ba, labari ya riga ni.

Hana su ba zai yiwu ba, mayar da kyauta kuma rashin kunya ne. Saura hanya ɗaya. Na fara raka ta aiken, in mun sha kwana na karɓe ƙullin tukuicin. Zubar da abinci haramun, don haka ni ke ci. Tana tafe tana harara, tana cewa, "Tanti, Allah yana ganinki."

Kafin hutu ya ƙare ta fara isa gidan Inna ba tare da ta zauna a hanya ba. Ni kuma ranar komawata sai da aka kai siket ɗina biyu wurin tela. Hajiya ta ce yanzu ne na yi kama da mutane.