Allon Da Ya Yi Kama Da Makara

Mun bar Kaduna ana idar da sallar asuba, mu huɗu a mota: likita, ma'aikaciyar jinya, direba, sai ni mai riƙe da littafi. Aikin sa-kai muke yi a shirin haɗa agajin gaggawa na jihar nan wuri guda. Ana son a samu lamba ɗaya ta kira, da motocin asibiti da suka san inda za su dosa, da mutum biyu ko uku a kowace unguwa waɗanda suka san abin yi kafin mota ta iso. Ranar Birnin Zariya ne rabonmu, unguwar Kusfa.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa tana ta ƙamshi. Na so in kalli gonaki kawai, amma idona ya ƙi barin gefen titi, inda motocin da suka yi haɗari ke kwance, ciyawa ta fara tsirowa ta tagoginsu. A Jaji muka tsaya shan kunu da ƙosai. Kuɗinsa yana nan yadda na san shi, ƙosan ne ya rame. Direbanmu ya ɗaga ɗaya ya ce wa mai suyar ko a duba mata shi, tunda da likita muke tafe.

Ta Ƙofar Doka muka shiga birni da hantsi. Ba mu yi nisa ba hanya ta yi wa motarmu ƙunci, muka hau keke mai ƙafa uku, can keken ma ya gaza, muka taka da ƙafa. Lungunan Kusfa suna da sanyi da inuwa, katangun ƙasa suna kusan haɗa kafaɗa. Na ji ina son su, sai na tuna abin da ya kawo ni: in rubuta inda motar asibiti za ta iya tsayawa. Na tambayi wata dattijuwa sunan lungun da muke ciki, ta ce, "Bayan gidan mai daddawa." Na ce ina gidan? Ta ce ai mai daddawar ta daɗe da rasuwa, an ma raba gidan. Haka na rubuta, don ban sami wani suna ba.

A ƙofar gidan mai unguwa aka shimfiɗa tabarmi. Likita ya fito da dogon allon da ake kwantar da wanda ya ji rauni a baya ko a wuya, ya nemi mutum ɗaya ya kwanta a gwada. Babu wanda ya motsa. Wani tsoho ya ce, "Likita, wannan ai makara ce aka yi wa fenti." Aka yi dariya, amma dariyar ba ta sa kowa ya taso ba. Direbanmu ne ya kwanta, yana roƙon kada a yi gabas da shi a sallace shi.

Likita ya yi bayani a hankali. Wanda ya faɗo daga sama, ko babur ya kayar da shi, kada a zaunar da shi, kada a sheƙa masa ruwa. A riƙe kansa kada ya juya, a kwantar da shi miƙe a kan abu mai ƙarfi, ko da ƙyauren ɗaki ne.

A nan wani mutum ya miƙe daga baya, farin zare maƙale a hannun rigarsa. Malam Haruna ne, maɗinkin manyan riguna. Ya ce, "Likita, in an riga an zaunar da shi fa?" Na ga mutane suna sunkuyar da kai. Malam Haruna ya ce ba zai yi maganar a bainar jama'a ba, mu zo mu ga ƙaninsa.

A hanya ya ba mu labarin, bai kalli kowa ba. Ƙanin nasa Bala magini ne. Bara, gab da damina, yana yaɓe a kan wani soro sai ƙafarsa ta zame. Da aka kira Malam Haruna ya tarar da shi kwance, yana magana, har yana motsa yatsun ƙafa. Wani maƙwabci ya ce a ciro ƙyaure a ɗora shi. Malam Haruna ya ƙi. Ya ce ba za a ratsa unguwa da ƙaninsa a kafaɗun mutane kamar gawa ba, mahaifiyarsu tana tsaye a bakin zaure tana kallo. Ya rungume shi ya goya har bakin titi, ya zaunar da shi a keke, ya tallafe shi da ƙirjinsa. Kafin su kai asibiti ƙafafun sun yi shiru, har yau kuma ba su tashi ba. Shekara guda ke nan yana son ya san ko hannunsa ne ya jawo.

Bala yana kwance a wani ɗaki kusa da zaure, an buɗe masa taga yana ganin sama. Fuskarsa a sake take. Ya ce da ni, "Malama, ki yi haƙuri ban tashi na gaishe ki ba, sarauta ce ta same ni." Ban san ko in yi dariya ba.

Likita ya duba shi ya daɗe, ya karanta takardun asibiti. Malam Haruna ya maimaita tambayarsa. Na roƙi Allah a raina likita ya ce a'a kawai, mu tafi. Amma ya ce, "Malam, mai yiwuwa faɗuwar ce ta gama komai. Mai yiwuwa kuma zaman keken ya ƙara. Babu mai iya rabe maka su yanzu."

"Wato ba ka ce ba ni ba ne."

"Ban ce ba. Ban kuma ce kai ne ba."

Malam Haruna ya zauna a ƙasa. Bala ya juyo da ido wajensa ya ce, "Yaya, ni fa na daɗe da sani, tun a asibiti na ji suna faɗa. Na yi shiru ne don kada ka daina cin abinci, ga shi ka daina ɗin. Bayanka na ji a ranar, ba katako ba, kuma ban taɓa jin haushi ba. Amma yaran da na koya wa gini suna can kan soraye. Taso Likita ya nuna maka a kaina, tunda ni dai a kwance nake."

Ya taso. Likita ya kama hannayensa ya ɗora su a gefen kan Bala, dama da hagu, ya nuna masa yadda zai kafa gwiwar hannu. Hawayen Malam Haruna ya ɗiga a goshin ƙaninsa, Bala ya ce, "An ce kada a zuba ruwa, Yaya." Kafin mu fita Malam Haruna ya ce in rubuta sunansa cikin masu agajin unguwa. Shi ne na farko a shafin.

Mai unguwa ya aiko mana da tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya yi daɗi, na sani, amma loma uku na iya yi.

Mun kamo hanya bayan la'asar, hadari yana biye da mu. Na isa gida ana kiran magariba. Na tafi Zariya da tunanin abin da ya rage mana shi ne motoci da lambar waya da sunayen lunguna, kuma lallai muna buƙatarsu. Amma kafin kowace mota ta iso, wanda zai fara kai hannu ɗan'uwa ne, da dukan ƙaunarsa da tsoronsa. In ba a koya masa ba, da wannan ƙaunar zai ɗaga wanda ya kamata ya bari a kwance. Allah ya ba Bala sauƙi, ya sanyaya zuciyar yayansa.