Mako Shida da Malam Gali Ya Tsaya Mini a Bakin Inji

Da an idar da sallar asuba Malam Gali yake turo kekensa daga zauren gidansa a Hotoro, ya ɗaure kwanon abincinsa a baya, ya nufi Bompai. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana wannan tafiya, kuma masu gadin masaƙarmu sun ce ba su taɓa ganin jiniya ta riga shi isa ba. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne ba ya jin jiniyar. Agogonsa yake dubawa, ko kuma ya ga mutane sun fara sauri shi ma ya ƙara taka keke. Mota ta yi ta yi masa ham a baya ba zai kauce ba, shi ya sa matarsa Hansatu take wuni da zullumi har sai ta ji ya jingina keken a zaure. Ranar Asabar mai zuwa zai ajiye aiki. Ni Alhassan, da na koyi saƙa da wasan kwaikwayo a hannunsa, hankalina ya ƙi kwanciya, domin ina da hannu a wannan kurumcin nasa kuma ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane irin ƙarar da ke ciki ba. Inji ɗari biyu ne suke buga ƙoshiya lokaci guda. Ko ihu ka yi, na kusa da kai motsin bakinka kawai zai gani. Saboda haka masaƙa da hannu suke magana. Yatsu biyu kamar almakashi, zare ya tsinke. Tafin hannu yana sauka ƙasa, yi a hankali. Idan kuwa yadi ya fito ba aibi ko ɗaya, sai ka shafa tafin hannunka na dama a kan na hagu sau ɗaya. Malam Gali ne ya kwaso wannan magana ta hannu ya kawo ta cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo da ya kafa wa ma'aikata. A bayan ɗakin cin abinci muke gwajin wasa lokacin hutun rana, injuna suna ta ruri a gefe, shi yana tsaye yana ba da umarni ba tare da ya buɗe baki ba. Ya ɗaga haɓarsa da yatsa, ka san muryarka ta yi ƙasa. Ya yi maka almakashi, ka san surutunka ya yi yawa, kuma ni na fi kowa shan almakashin nan.

A farkon shekarar 1981 likita ya duba shi ya ce kunnensa na hagu ya riga ya tafi, na dama saura rabi. Ya rubuta takarda cewa kada ya sake tsayawa a bakin inji, in ba haka ba ragowar ma zai bi. Aka mai da shi ɗakin duba yadi, inda babu ƙara. Duk mun yi murna, mun san an ceto abin da ya rage.

A ranar ma'aikata ta waccan shekarar muka yi wasa a fili, ashe cikin 'yan kallo akwai wani baƙo daga Senegal, shi ma darakta ne, yana zagaya ƙasashe yana ganin yadda ake wasa. Bayan wata biyu sai ga takarda ta zo da sunan ƙungiyarmu. Za a tara masu ba da umarnin wasa daga ƙasashe goma sha ɗaya a Dakar, a yi musu horo na mako shida, kowa ya koyar da abin da ya iya ya kuma koyi na wasu, kuma ana son mu turo mutum ɗaya. Babu wanda ya yi shakkar wanda zai tafi. Malam Gali ya sa aka karanta masa takardar sau biyu, sannan ya miƙo mini ita.

"Kai za ka je," in ji shi. "Ni in na je, malami zai yi ta bayani ina kallon bakinsa, ga shi bakin ma ba Hausa yake yi ba."

Na tafi wajen manaja da rawar jiki neman hutun tafiya. Ya ce hutu mako biyu ne, ba shida ba. Injunana takwas ne, kuma idan suka tsaya kwana uku zai ba wani, ga mutane nan kullum a bakin ƙofa suna neman aiki. In dai ina son tafiya, in kawo gwanin da zai riƙe su. Kowane gwani a ɗakin saƙa yana da nasa takwas a hannu. Mutum ɗaya ne tak ya iya saƙa kuma ba shi da inji, shi ne wanda likita ya hana.

Ban roƙe shi ba, Allah ne shaidata. Washegari a gindin darbejiyar da muke cin abinci ya gaya mini ya riga ya je wajen manaja, an gama magana.

Na ce, "Malam, likita fa cewa ya yi kada ku koma."

Ya ce, "Likita ya faɗi tasa, ni ma na faɗi tawa. Mako shida ne, ba shekara shida ba. Ka je ka yi fasfo ka daina yi mini fuskar marayu."

"In kuma kunnen ya tafi fa?"

"In ka zauna, mu da muke bayan ɗakin cin abinci wa zai ƙara kiranmu? Irin wannan takarda ba ta zuwa sau biyu."

A nan ne ya kamata in ce na fasa. Na san abin da ke cikin takardar likita, domin ni na karanta masa ita. Na sani, kuma na tafi. Ina son tafiyar nan har cikin raina, ban taɓa hawa jirgi ba, ban taɓa jin an kira ni darakta ba. Duk wanda zai yaba wa Malam Gali ya kamata ya san wannan ma.

Makon farko a Dakar kamar an jefa ni rijiya. Da Faransanci ake koyarwa, tafinta ɗaya ne mu huɗu muke rabawa, kafin ya juyo kaina an wuce wurin. Kullum da safe in na ga rana ta fito sai in ce yanzu Malam ya shiga ɗakin saƙa, yanzu an tayar da injuna. Na kasa cin abincin kirki. Na fara tunanin na sa dattijo ya sayar da kunnensa don in zo in zauna a bayan aji ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

A mako na uku aka ba kowa 'yan wasa biyar ya shirya gajeren wasa da su. Nawa biyar ɗin babu wanda muke jin yaren juna da shi, tafintan kuma yana wajen wani. Ɗaya daga cikinsu ya fara zuba magana ba ƙaƙƙautawa, ban san lokacin da hannuna ya yi masa almakashi ba. Ya yi shiru. Na sauke tafin hannuna, mai tafiya ta rage sauri. Na ɗaga haɓata, mai ƙaramar murya ya buɗe maƙogwaro. Kafin azahar mun haɗa wasa. Malamar da ke kula da mu ta tsayar da kowa, ta sa aka tambaye ni a wace makaranta na koyi wannan. Na ce ba makaranta ba ce, wani masaƙi ne a Kano sunansa Gali. Kwana biyu na yi ina koya wa daraktocin ƙasashe goma maganar ɗakin saƙa, kuma na ga da idona suna rubuta sunansa a littattafansu.

Abin da ke faruwa a gida kuwa, daga baya na ji shi. Uwaisu, wanda injunansa ke kusa da nawa, ya ce Malam yakan jiƙa auduga da man gyaɗa ya toshe kunnuwansa, ya naɗa ƙyalle a kai. A mako na huɗu ya ga jiri ya ɗebe shi har ya dafa ginshiƙi. Uwaisu ya yi masa alama ya fita ya huta, shi kuma ya nuna masa zarensa da ya tsinke, wato ya ji da aikinsa. Hansatu ta ce yakan dawo ya ce mata akwai gyare a cikin kunnensa. Ya riƙa ƙure rediyo har maƙwabta suka aiko a rage. Daga baya ya daina kunna ta gaba ɗaya, ita kuma ta ce wannan shirun ya fi tayar mata da hankali. Injunana takwas ba wanda ya tsaya ko na wuni ɗaya.

Ranar da na sauka ban wuce gida ba sai da na biya Hotoro. Muka zauna a zaure, na yi ta zuba labarin Dakar da tekunta yana murmushi yana gyaɗa kai, har na fara jin sanyi a raina, na ce ashe Allah ya kiyaye. Sai na sunkuya ina lalube a jaka zan ɗauko masa hular da na sayo, ina tambayarsa yadda ya ji da injunan. Bai amsa ba. Na sake tambaya da ƙarfi, kaina yana ƙasa. Shiru. Da na ɗago sai na ga idonsa a kan bakina yake.

"Ka riƙa ɗago fuskarka in kana yi mini magana, Alhassan," ya ce. Kafin in yi kuka ya yi mini almakashi. "Ba labarin teku na aike ka ba. Me ka koyo?"

Malam, ku ne ba ku bar ni na zauna da kukana ba. Ku kuka sa na buɗe littafina a ranar, na nuna muku yadda ake rubuta wasa don kada ya mutu da 'yan wasansa, da yadda ake raba dandamali kowa ya san inda zai tsaya, da yadda ake haska fuska da fitila biyu kacal. Ku kuka hau keke kuka bi masana'antun Sharaɗa da Challawa kuna tara masu shirya wasa, kowace Lahadi ina koyarwa kuna gefe kuna gyara mini da hannu. Mutum goma sha tara suka fita daga wannan zama. Biyu cikinsu sun je horo a waje, kuma dokarku ce suka bi, wanda ya je dole ya dawo ya zazzage abin da ya samo a gaban kowa. Gali mai takwas ba tsayawa, gwanin da bai taɓa hawa jirgi ba amma sunansa ya hau. Kun sha gaya mini cewa da ma kunnen tafiya zai yi. Wataƙila haka ne. Ni dai ban yarda ba, kuma ba na so in yarda.

Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne lokaci ya sauya. Ana ta rage ma'aikata, kowa ya ƙanƙame injinsa, kuma takardun gayyata suna zuwa suna komawa ba wanda ya iya motsawa. Ba na roƙon kowa ya ba da kunnensa, kada Allah ya sa wani ya sake yin haka. Roƙona ga manajoji shi ne su ba mai tafiya neman ilimi hutunsa, su ba masaƙa abin toshe kunne na gaske. Mu kuma ma'aikata, in an gayyaci ɗayanmu, mu raba injunansa a tsakaninmu, kowa ya ɗauki ɗaya, kada a sake barin mutum ɗaya da takwas.

Na gode, Malam. Allah ya saka muku da alheri, ya ba ku hutu mai albarka, ya kare ku daga motocin titin Hotoro.

Ranar Asabar da ƙarfe huɗu za mu yi masa wasan ban kwana a bayan ɗakin cin abinci, inda aka fara. Duk wanda zai zo, ina da roƙo ɗaya. In an gama aka fito da shi gaban mutane, kada ku tafa, ba zai ji ba. Ku bari sai ya ɗago ya dube ku, sannan kowa ya ɗaga hannuwansa inda zai gani, ya shafa tafin dama a kan na hagu sau ɗaya.