Matar da Ta Juya wa Fili Baya

Tun daga tashar Jimeta Bawa yake lura da matar nan. Dattijuwa ce doguwa, ɗankwalinta kalar rigar ƙungiyarsu, tana rungume da 'yar kujerar katako kamar jaririya. Magoya baya suna ta waƙa a mota har garin Song, ita kuwa gyaɗarta kawai take ɓarewa.

Filin Song ba rumfa, ba benci, igiya ce kawai aka zagaye shi da ita. Matar ta dasa kujerarta a bakin igiyar, ta zauna, ta juya wa 'yan wasa baya. Mutanen gari take kallo.

Bawa ya ɗauka ko motar da ba tata ba ta shiga. Ya kasa haƙuri.

"Mama, ƙwallon fa a bayanki ake bugawa."

"Na sani. Ɗana Absalom shi ne golanku. Zuciyata ba ta iya kallo."

"To yaya kike sanin abin da ake ciki?"

Sai ihu ya tashi, ya mutu nan take. Mutanen Song duk sun ɗora hannu a ka.

Ta jefa gyaɗa a baki.

"Ka gani? Ya kama."