Farar Shaddata a Kan Tukubar Tsire

In na ce maka na taɓa tsayawa a tsakar gida, hannu sama, ina roƙon rana ta leƙo ko da na shan kofin shayi ne, za ka ce ƙaryata ce ta motsa. To ka faɗa. Ni dai Fatakwal ce ta yi min wannan horon.

A garinmu rana ba a bakin komai take ba, zaginta ma muke yi. Ka wanke riga ka yarfa a kan katanga, kafin ka ɗauraye wando ta bushe ƙamas, har tana iya tsayuwa da ƙafarta. Ban taɓa jin wanda ya ce mata sannu da aiki ba. Sai da na kama ɗaki a unguwar Diobu na gane ashe baiwa Allah ya ba mu, mai aiki ba albashi. A nan ruwa ba sauka yake ba, tarewa yake yi, da tabarmarsa da butarsa. Takalmina ya taɓa fitar da farin gemu a ƙarƙashin gado, saura kaɗan in durƙusa in gaishe shi.

Lokacin ina neman 'yar wani dattijo, dillalin shanu a mayanka, mutumin da ko ƙuda bai isa ya sauka a rigarsa ba. Aka ce in je gaisuwa bayan sallar Juma'a, ya gan ni ya yanke hukunci. Shadda ɗaya gare ni, fara, ita ce jarina ita ce mutuncina. Na wanke ta tun farkon mako, wai ni mai dabara. Ina matsewa, sama ta ce bismilla.

Igiyar shanya ta baranda ta mai gidanmu ce, wata dattijuwa Ibo, ta jere ta da zannuwanta kamar rumfar kasuwa. Na roƙi taku ɗaya, ta ce in jira rana. Wace ranar? Na rataye shaddar a ƙusa cikin ɗaki, ta fara ƙarnin kifin Kasuwar Creek Road. Masu wuta sun ɗauke abarsu, fanka ta zama ado. Mai guga kuma gawayinsa ya jiƙe, yana zaune ya yi tagumi kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Abokin ɗakina mai tsire ne. Safiyar Juma'a ya ce shi bai ga abin tashin hankali ba, tukubar da ke gasa cinyar saniya ba za ta gaza da tsumma ba. Muka kama shaddar, shi gefe ni gefe, muna juya ta a kan garwashi kamar balangu. Ta bushe kuwa, Allah ya saka wa garwashi da alheri. Sai dai ta kwashe tarihin tukubar kaf: kitse, ƙuli-ƙuli, yaji. Na zazzage mata rabin kwalbar turare, ta koma tsiren da zai tafi biki.

Mai okada ya tambaye ni ko a aljihu na ɓoye tsiren. A masallaci wanda ke gefena a sahu sai haɗiyar yawu yake. Karnukan layi kuwa suka yi min rakiyar da ko dangina ba su taɓa yi ba.

Na sami dattijon a kan buzunsa, fari fat kamar auduga. Na tuɓe takalmi na durƙusa.

"Barka da Juma'a, Baba. Ina gajiya? Yaya iyali?"

Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba, amma hancinsa na ta aiki. A daidai nan rana ta ɓullo tarwai, bayan ta gama tona min asiri. Wallahi duk da haka daɗi na ji. Har yau in na je gida ana tsine wa zafi, ni nakan cire hula in ce a bar ta, ba ku san darajarta ba.

Na gyara murya, na fara jawabin da na kwana ina haddacewa, cewa ni ɗan gidan mutunci ne mai sana'a. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ƙara shaƙa, ya dube ni daga hula har ƙafa.

"Yaro, na tsufa a cikin nama, ban taɓa ganin tsire ya kawo kansa neman aure ba. Koma ka turo min mai tukubar, da shi zan yi magana."