Tawul ɗin Goggo

A gidan renon yaran nan da ke bayan tashar mota, kowa Goggo yake ce mata, har shugabar gidan. Ta kama aikin ne bayan 'ya'yanta sun girma sun watse, don zaman shiru ba ya karɓarta. Takardar shaida kam ba ta da ita, amma tana da hannu: yaron da ake dambe da shi a gida kafin ya ci loma, a gabanta sai ya lashe kwano. Ba a ganinta babu ɗan tawul a kafaɗa. Ta tsani ganin maiƙo a bakin yaro, ko ɗan wani ne ta gani a titi sai hannunta ya yi mata ƙaiƙayi.

Sai aka kawo Aku, ɗan shekara uku, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya sa sunan ya bi shi. Uwarsa tana ɗinki a wata masana'anta. Ranar farko ta miƙa wa Goggo wata allura mai kama da biro, idonta duk ya faɗa.

"Goggo, ƙwai ne matsalarsa. Ko ɗis ya taɓa bakinsa, maƙogwaronsa rufewa yake yi. Don Allah."

"Kwantar da hankalinki, 'yata. Na ji."

Ta ji ɗin kuwa. Ta ware masa kwano da cokali da tukunya. Ta tsaya a kan mai girki har matar ta fara ce mata 'yar sanda. Duk ranar da aka dafa ƙwai, a gefenta take zaunar da shi, idonta na kan hannun kowane yaro, don yara akwai son kyauta inda ba a tambaye su ba.

Ranar da abin ya faru, komai ya tafi daidai. Yara sun ci ƙwansu, Aku ya ci shinkafarsa yana ba da labarin wata mage. Goggo ta bi layi tana goge baki, tana musu da mai girki a kan yawan gishiri. Hannu ya saba, ba ya neman izini. Ta goge na wannan, ta goge na wancan, ta goge na Aku, ta juya tana tattara kwanuka.

Shirun ne ya sa ta waiwaya. Labarin mage ya tsaya a tsakiya. Yaron yana sosa wuya, leɓensa ya tashi, borin jini ya feso masa har kunne. Da ya ja numfashi sai ta ji wani siririn fito. Ta dubi kwanonsa, babu alamar ƙwai. Ta dubi tawul ɗin da ke kafaɗarta.

"Kira motar asibiti," ta ce wa shugabar gidan.

An nuna mata yadda ake yin allurar, amma a jikin lemo aka nuna mata, lemo kuwa ba ya kallon mutum. Ta kwantar da shi, ta cire murfin, ta danna masa a cinya ta riƙe. Fiton bai daina ba. Tana kiran sunan Allah tana kallon ƙirjinsa. Can ya yi tari, ya sake yi, ya fashe da kuka.

A asibiti uwar ta iso a guje, da guntayen zare a jikin rigarta.

"Me ya ci?"

"Bai ci ƙwai ba, 'yata. Ni na goge masa baki da tawul ɗin da na goge wa sauran."

Uwar ta dube ta, ta wuce ciki.

Kwanaki suka wuce, kujerar Aku ba kowa. Goggo ta daina cin abincin kirki. Ba kora take tsoro ba, kunya ce ke cinta. Rannan da safe ta ɗaga kai ta gan su a bakin ƙofa, yaron riƙe da gefen rigar uwarsa.

"Na zaci kin canja masa wuri," in ji Goggo.

"Na duba wasu wuraren." Uwar ba ta yi murmushi ba. "Duk sun ce sun ji, kamar yadda kika ce. Ke kaɗai ce kika ga yadda numfashinsa yake ɗaukewa. Ba zan kai shi inda za su sake koyo da ɗana ba."

Ta ciro sabuwar allura daga jaka, ta sa a hannun Goggo, ta tafi wurin aiki.