Ranar da Inna ta wanke min bincikena da omo

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, na yi kiwon da ba a taɓa yi a gidanmu ba: kiwon yis. Ba irin na burodi ba, nawa daga ɓawon mangwaro na samo su. Wasu kan ƙera launin nan ruwan lemo na jikin karas, wato karotin, wasu kuma su farfasa shi ya koma ƙamshi kamar na fure, irin wanda ake so a abin sha. Wata biyar ina fama kafin na ware guda ɗaya mai ƙamshi sosai, a kansa kuma littafin kammala karatuna ya dogara. Har ɗaga kai na fara yi a labo, wato ɗakin gwaje-gwajenmu.

Ana tsakiyar zafi firijin labo ya mutu. Malamina ya ce kowa ya san inda zai kai kayansa. Na jera farantan gilashi shida a kula, na hau kilando, babur ɗin haya, zuwa gidanmu a unguwar Chagoua, na cusa su ƙasan firijin mahaifiyata mai aiki da sola. Ban gaya mata ba. A ganina bayanin zai yi tsawo, kuma ba za ta gane ba.

Ranar Juma'a na dawo na tarar da farantaina a kife a rana, sai sheƙi suke.

"Inna, ina abin da ke ciki?"

"Wannan ƙazantar da kika sa min a firigo? Duk sun yi funfuna, ja-ja da su. Sai da na haɗa da ruwan zafi da omo. Kalas, ga su nan tas."

Na zauna dirshan na fashe da kuka, ƙatuwa da ni. Saura wata biyu in kare littafin a gaban malamai. Da na samu bakin magana na yi mata bayanin da na ƙi yi tun farko, bai ko ɗauki minti biyar ba. Ta gama ji, ta ce, "To da bakinki ciwo yake?" Ta shige kicin.

Mahaifiyata ba ta ba ɗa haƙuri da baki, ba a saba haka a gidansu ba. Washegari da la'asar sai ga ta da kwano shaƙe da ɓawon mangwaro, ƙudaje na bin ta. Matar da ko tsinke ba ta bari a tsakar gida, ita ce ta bi masu sayar da jus ɗin mangwaro ɗaya bayan ɗaya tana roƙon shararsu. Kwana goma tana haka, har maƙwabta suka ɗauka tumaki ta saya.

Da sababbin yis suka fara aiki nakan kawo kwalabe gida ta sansana. "Wannan tsami ne kawai, 'yar nan. Wannan kuwa zen, ya yi kyau, riƙe shi." Hancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba.

Na farkon nan ban sake samunsa ba. Wanda ta zaɓa bai kai shi ƙamshi ba, amma shi ya fitar da ni, ko da yake sai bayan 'yan ajinmu da wata huɗu.

Na daɗe ina ba da labarin nan a matsayin ɓarnar Inna, ana dariya. Sai daga baya na yarda cewa raina ta na yi, kuma ta gane hakan tun ranar. Har ta rasu ba ta ce min in yi haƙuri ba, ni ma ban ce mata ba. Rashin faɗin nawa ne yake damuna.