Tanmor Biyu da Kawu Habu Ya Bari a Aljihu

Shekara bakwai ke nan cif da aka ɗauke Kawu Habu daga kan simintin filin basket na lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, a Magariya, jini na fita ta kunnensa. Kwana uku ya yi a gidan likita a Damagaram bai buɗe ido ba, ran na huɗu aka dawo mana da gawarsa a bayan mota. Duk shekara in watan ya zagayo, tsofaffin ɗalibansa kan taru su yi masa addu'a, su ce mutumin kirki ne, su ce ƙaddara ce. Ban musa ba. Amma na gaji da rabin labari. Ni na tayar da faɗan nan, kuma shi ma yana da nasa kason. Wanda ba ya son ji ya juya shafi.

Ƙanen mahaifiyata ne, malamin motsa jiki, shi ya haɗa ƙungiyar ƙwallon kwando ta ƴan mata tun ana ganin abin kamar taɓin hankali. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba. A fili sai ya kira Zali, ya kira Mariyama, ni kuwa sai dai ka ji, "Uwata, koma baya!" Ƴan kallo su yi ta dariya, ni in yi ta cika ina batsewa.

Ga wanda bai san wasan ba, bari in taƙaita. Mai horarwa yana da damar tsayar da wasa na minti ɗaya ya tara ƴan wasansa ya yi musu magana. Tanmor muke ce masa. Biyu kafin hutun rabin lokaci, uku bayan an dawo. Amma ba ihu za ka yi a tsaya ba. Teburin masu riƙe agogo za ka je ka nema, su kuma ba za su ba ka ba sai wasa ya tsaya da kansa: ko alƙali ya busa, ko abokan karawa sun zura muku ƙwallo a kwando. Ku riƙe wannan.

Kawu rowar tanmor gare shi, kamar manomin da ya ɓoye iri a ƙasan rumbu. "Ajiya maganin wata rana," in ji shi. Hujjarsa ita ce a minti biyun ƙarshe, in ka ɗauki tanmor, ana ba ku ƙwallo a gefen abokan karawa, dabara ɗaya tak sai ta ci muku wasa. Ya kuma ce wanda ya tsayar da wasa don yaransa na haki, to har na wancan gefen ya ba hutu. Ya ci wasanni da yawa da wannan rowar, ba zan yi wa mamaci ƙarya ba.

Ranar, wasan fidda wanda zai tafi Damagaram ne, mu da ƴan matan wata lakwal ta Dungas. Bayan la'asar, zafin bazara, simintin na ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Filin babu katanga, ƴan kallo har kan layi suke. Baƙin sun zo da babbar mota shaƙe da samari, namu samarin kuwa sun fi su yawa. A gefe an jibge fasassun bulo na wani aji da ake ginawa. Babu wanda ya yi tunanin a kwashe.

Akwai wata Rakiya a cikinsu, ƴar garin Guci, mai lamba tara, doguwa, gwiwar hannunta kamar kan taɓarya. Ni aka ba tsaronta. Saura minti biyar muna gaba da maki takwas, sai ta juyo da gwiwar nan ta sauke mini a baki. Leɓena ya fashe, haƙorin gaba ya kama girgiɗi, alƙali bai gani ba. Na tofar da jini a kan siminti da gangan, inda samarinmu za su gani. Suka gani. Aka fara zagi ta uwa ta uba daga gefe zuwa gefe. Ni kuma na daina kallon ƙwallo, Rakiya kawai nake kallo. Maki takwas ya koma biyar, ya koma uku.

Zali, shugabarmu, ta bi ta gaban benci ta ce, "Malam, don Allah ka tsayar. Ƴar taka ba ta cikin hayyacinta."

Ya dubi agogo ya ce, "Da saura. Ku yi wasa."

Tanmor biyu yake da su a lokacin.

Sai da ya rage daƙiƙa talatin, muna gaba da maki ɗaya, sannan ya waiwaya ya ga samari sun sunkuya a kan tarin bulo. Ya ruga teburi ya nema. To ƙwallo na gudana, ba a bayarwa. A daidai nan Rakiya ta fizge ƙwallon daga hannuna ta falla wajen kwandonmu ita kaɗai, na rufa mata baya. Na ji muryarsa ta keta ihun nan gaba ɗaya:

"Uwata, ƙyale ta ta ci! Ƙyale ta!"

Shekara bakwai ina gaya wa mutane ban ji ba. Na ji. Har na gane abin da yake nufi. Da ta ci, sun wuce mu da maki ɗaya, a ba shi tanmor ɗinsa, a ba mu ƙwallo a gefensu da saura daƙiƙa ashirin, mu yi dabarar da muka maimaita har ta gundure mu: Zali ta tare hanya, ni in jefa. A cikin mintin nan kuma direktar, shugaban lakwal, da dattawa su tura samari baya. Duk na sani. Amma bakina cike yake da jini, ita kuma tana gabana.

Da ta daka tsalle, na sa hannu biyu a bayanta na ingiza. Fuskarta ta bugi ƙarfen da ke riƙe da kwando, ta faɗo a kan hannunta. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Daga nan fili ya ɓace. Aka shigo daga gefe biyu da bel, da ƙafar benci, da bulo. Na ga an danne wani yaro ana buga kansa da ƙasa. Na ga alƙali yana gudu riga a yage. Ƴan matanmu suka tsere aji suka sa teburi a ƙofa. Ni na tsaya kamar gunki.

Kawu bai zo wajena ba. Wajen Rakiya ya je, tana kwance a gindin ƙarfe ana tattake ta, ya kifa a kanta ya rufe ta da jikinsa. Rabin bulo ya same shi a bayan kunne. Daga gefenmu ya fito. Ban ga hannun da ya jefa ba, amma na ga inda ya taso, kuma ba daga wajen ƴan Dungas ba ne. Ko da jandarma suka iso, an watse, sai takalma birjik da shi a kwance.

Aka rufe ƙungiyar shekara uku. Gari ya ɗora wa baƙi laifi, na yi shiru. Mahaifiyata ba ta taɓa tambayata ba, ko sau ɗaya, kuma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Da-na-sani ƙeya ce, an ce, a baya take. Tawa a gaba take, kullum ina ganinta a madubi, a haƙorin da ya yi baƙi.

Nasa laifin kuwa, zan faɗa ko da dangi za su yi fushi. Lokacin tanmor shi ne lokacin da Zali ta roƙe shi. Da ya tara mu ya ga bakina da idona, da ya zaunar da ni a benci, ya aika a gaya wa direktar a janye samari. Wuta tun tana ƙarama ake zuba mata ƙasa. Shi agogo yake kallo da maki, bai kalli fuskoki ba. Dabararsa daidai take a filayen da muke gani a talabijin, masu katanga da masu gadi. Namu filin babu abin da ya raba ɗan wasa da ɗan kallo sai layin fenti.

Yanzu ni ke horar da ƴan matan, tun da aka sake buɗewa. An zagaye filin da waya, babu ko tsakuwa kusa da shi, ni da kaina nake bi ina tsincewa kafin wasa. Da Kawu zai leƙo, zai ji daɗin ganin ƴan mata talatin inda ya bar goma sha biyu. Zai ƙi jinin wayoyin da ake ɗagawa a ɗauki hoton duk wadda ta faɗi. Ni kuwa faɗa zai yi mini, na tabbata.

Don a watan jiya na sha kashi saboda saɓa masa. Muna gaba da maki huɗu, saura minti huɗu, na ga wata yarinyata, Nana, ta dunƙule hannu tana magana ita kaɗai bayan an make ta. Tanmor ɗaya ya rage mini, na ɗauka nan take. Ban zana musu wata dabara ba. Ruwa na ba ta, na ce ta dube ni ta faɗi sunan kakarta da na kakan kakarta. A ƙarshe aka wuce mu da maki ɗaya, saura daƙiƙa takwas, ba ni da abin tsayarwa, muka jefa daga nesa ta bauɗe. Wani uba ya tare ni ya ce, "Ke dai ba ki gaji kawunki ba." Shi ma Kawun cewa zai yi, "Uwata, kin cinye iri tun kafin damina." A kan wasan yana da gaskiya. Amma kowa ya koma gida da ƙafarsa, kuma Nana ta zo horo washegari.

Rakiya tana nan. Hannun bai ƙara miƙewa ba, ba ta sake jefa ƙwallo ba, ita ke riƙe agogo a teburi in za a kara tsakanin Magariya da Dungas. Ranar farko da na je gabanta neman tanmor, na tsaya a bakin teburi. Ta ɗago ta ce, "Ke ce yau da neman a tsaya?" Na ce ni ce. Bayan wasa na same ta na ce ta yafe mini, ta ce ba ta gama shawara ba. Haƙƙinta ne. Amma ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce lokacin da ya kifa a kanta, kafin bulon ya sauka, ya ce mata, "Kwanta, ƴata, kar ki motsa. Minti ɗaya ne, zai wuce."

Ba mu da kofi ko ɗaya da sunansa. Dabarar minti biyun ƙarshe ma na watsar da rabinta. Abin da ya saura mini shi ne, a wasa mafi girma na rayuwarsa, yana gaba da maki ɗaya, ya buɗe baki ya ce a bar abokiyar karawa ta ci. Ya makara, amma ya faɗa, ni ce ban bi ba. Allah Ya jiƙan Kawu Habu, Ya sa ya huta. Ranar Asabar muna da wasa, Rakiya ce a teburi, kuma ba zan dawo gida da ko tanmor ɗaya a aljihu ba.